Farin Zinaren Gidan Geng

Ku da kuka cika min shafi da "Huining, ya aka ƙare a cin abincin surukai?", ku gyara zama, yau zan zazzage muku komai. Ke kuma mai sunan Furen Bakin Teku, da kika rubuto cewa irina ba mu san abin da muke so ba, matso gaba, ke na fi so ki ji.

Ga sababbin zuwa, sunana Luan Huining, a gida Ningning. Shekarata ashirin da tara, amma a bakin Mama talatin da ɗaya ce, don duk ranar da za ta yi min faɗan aure sai ta ƙara min biyu. Ina aiki a wata cibiyar bincike a nan Dalian, aikina kuwa raba ruwa. Eh, ruwa dai da kuka sani. Za ka tsoma ƙarfe biyu a ciki ka sakar musu lantarki, gefe ɗaya iskar haidurojin ta fito, wadda ake ƙonawa ba hayaƙi, ɗaya gefen kuma iskar da muke shaƙa. Matsalar ita ce ruwa malalaci ne, ba ya rabuwa da daɗin rai sai an shafa wa ƙarfen wani abu mai zuga shi. Abin da ya fi iya zugar nan shi ne filatinam, farin zinaren da ake zoben aure da shi, tsadarsa kuwa ba sai na faɗa muku ba. Ni tun da na gama karatu nake dama wata baƙar hoda ta nikel da wani ƙarfe mai araha, ina so ta yi aikin farin zinare ba tare da ko ƙwayarsa a cikinta ba. Mama baƙin tukunya take ce mata.

Geng Weilin kuma ƙanwar Mama ce ta haɗa mu. Babansa yana da ƙaramar masana'anta a bayan gari, inda suke ƙera injinan raba ruwa. Na je haɗuwar farko da fuskar shanu, na shirya amsar tambayoyin da na saba ji: kin iya girki, 'ya'ya nawa kike so, za ki bar aiki? Mutumin nan ya zauna, ya zuba min shayi, ya ce, "An ce hoda kike yi. Tana jure dogon aiki ko ɓarewa take yi daga jikin ƙarfen?"

Jama'a, kada ku yi min dariya, a nan na faɗa. Ina son sa, ku riƙe wannan, don kada can gaba wata ta ce dama neman hanyar gudu nake yi.

Da bazara ta shigo, maimakon fure, sai ga shi da akwati. A ciki tukunyar gwaji ce da aka ƙera a masana'antarsu, ƙarfe da roba mai haske, an ɗaure ta da kusoshi, an zana sunana a gefe. Tawa ta da kwalba ce kawai, da sandar gawayi irin na bakin fensir, na naɗe murfin da salatif. Na rungume akwatin, amma duk da haka sai da na yi tambayar da kowa a aikinmu zai yi.

"Ɗaya gefen me kuka sa?"

"Ragar nikel. Haka injiniyanmu ya ce."

Dalilin tambayar shi ne dokar farko da ake koya mana. In kana gwada hoda mai araha, kada ka kuskura ka sa farin zinare a ɗaya gefen. Lantarki yana cin sa kaɗan-kaɗan, ya narke a ruwan, ya tsallako ya zauna a kan hodarka. Sai ka ga kumfa na tashi ka yi ta murna, alhali ba hodarka ke aikin ba. Shi ya sa muke sa gawayi. Ya ce nikel, na yarda. Wa zai kwance kyautar saurayi da sukundireba yana leƙen cikinta?

Daga nan hodata ta zama wata aba daban. Kumfa kamar an tafasa ruwa, kuma kullum ƙara kyau take yi. Farfesa Cong, shugabarmu, wadda ba ta dariya sai da dalili, ta dafa kafaɗata ta ce in fara rubuta sakamakon. Labari ya kai wa baban Weilin, Baffa Geng, ya ce zai buɗe sabon sashe a masana'anta saboda hodar. Mama ta sanar da duk benenmu har da mai sayar da ƙwai. A watan jiya Weilin ya kai ni bakin teku ya sa min zobe, farin zinare, yana dariya yana cewa, "Wannan kaɗai ne filatinam ɗin da aka yarda ya matso kusa da ke." Aka sa ranar Asabar iyaye su zauna a ci abinci a tsayar da magana.

To, ranar Talata da safe tukunyar ta fara yoyo. Na ce ba komai, na ɗauko tsohuwar kwalbata daga bayan kabad, na wanke, na tsoma hodar da na dama ranar Litinin. Kumfa ta taso a sanyaye, irin ta da. Na ce kwalbar ce ta yi datti, na sake wankewa. Na sake dama sabuwar hoda. Haka dai. Na zauna ina kallon sunana a jikin kyautar, sannan na miƙe na ɗauko sukundireba.

Ragar da na tarar toka-toka ce, amma ta yi dabbare-dabbare, wani wuri ya cinye har wani ƙarfen daban ya leƙo daga ƙasa. Shafe ne aka yi mata. Masu masana'anta suna son irin ragar nan mai shafen farin zinare don ba ta tsatsa, su a wurinsu inganci ne, kyauta ce ta girmamawa. Ni kuwa a wurina guba ce.

Na kankare hodar da ta daɗe a cikin tukunyar na kai wa ƙawata Bi Ruolan a hawa na ƙasa. Ita ke kula da injin da ke faɗin kowane ƙarfe da ke cikin abu. Ta dubi ƙullin, ta dube ni.

"Me nake nema?"

"Filatinam."

"A hodar da aka ce ba filatinam? Ke amarya, kina lafiya?"

"Ruolan, yi aikinki."

"Akwai layi. Ko na tsallake mutane, sai Asabar da rana."

Asabar, kun ji fa. Na fito baranda na rubuta wa Weilin: "Ragar nan da ke cikin tukunyata, ka tabbata nikel ce?" Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can sai ga hoton ɗan kwikwiyo yana kaɗa kai, a ƙasa ya ce: "Mu bar maganar aiki sai bayan Asabar. Kin ci abinci?" Na ce wa kaina gajiya ce, mutum yana shirin baƙi.

Safiyar Asabar gidanmu ya koma kasuwa. Mama ta je an naɗe mata gashi, ya tsaya ƙyam, ba ta yarda ko iska ta taɓa shi. Ta shimfiɗa min jar riga mai tsayayyen wuya a kan gado, da takalmi mai tsini da ban taɓa iya tafiya da shi ba. Baba yana baranda cikin singileti yana jera kabejin da za a jiƙa na lokacin sanyi, kamar ba 'yarsa za a bayar ba. Wayar Mama sai ƙara take, dangi a zauren hirarmu suna ta turo furanni da saƙon murya. Ƙanwarta da ta haɗa mu ta turo mai tsawo, tana jaddada cewa kada a manta wa ya kawo wannan alheri.

Na tsaya a bakin kicin na ce, "Mama, akwai matsala a gwajin."

Ta saki ludayi ta dafe ƙirji. "Ciki gare ki?"

"Haba Mama! Gwajin hoda."

"Kai, kin tsinka min zuciya a banza. Baƙin tukunyar ne? Je ki sa riga."

Na yi mata bayani a hankali, yadda zan yi wa yaro. Ta saurara tana goge hannu a zani, ta gane sarai, don Mama ba ta da duhun kai, taurin kai gare ta.

"To yanzu wa ya sani?"

"Ni. Da Ruolan, in sakamako ya fito."

"Shi ke nan, ba wanda ya sani ke nan. Ki ci abincinki, ki yi murmushi, bayan biki ki gyara abinki a hankali."

"Baffa Geng ya gayyato wani darakta daga ofishin gari. A gabansa zai sanar. In ya fita daga ɗakin nan da maganar, gobe tana ko'ina, da sunana a kai."

"Sunanki! Sunanki zai ɗebo miki ruwan zafi ranar da kike kwance? Ningning, hoda ba ta gudu, namiji kuwa yana gudu. Shekara talatin da ɗaya..."

"Da tara, Mama. Ashirin da tara."

"Ki yi min shiru! Dubi ubanki, hawa bene ma sai ya huta a hanya. So kike mu tafi mu bar ki da kwalba?" Muryarta ta karye a nan, ta juya baya tana ta goge murhun da ba datti. Tausayinta ya kama ni, na rantse har na kusa cewa to. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai tsoho, ba za ka ce komai ba?"

Baba ya juyo da kabeji a hannu. "Rigar ja ce ko kore?"

Kore na sa. Tsohuwar rigata mai duhu, wadda nake zuwa taro da ita, da takalmi mara tsini. Mama ba ta yi min magana ba har muka isa.

Ɗaki aka kama mana a wani gidan abinci mai kallon teku. Teburi zagayayye, da faifan gilashi a tsakiya wanda ake juyawa abinci ya zo gaban kowa. Baffa Geng ya zauna yana fuskantar ƙofa, gajere mai faɗin ƙirji, muryarsa ta saba da ƙarar injina. Darakta Mu yana damansa, mutum mai siririn tabarau da ba ya gama murmushi. Maman Weilin, Inna Sui, ta sha sarƙar lu'ulu'u, ta kama hannuna ta ɗaga zoben sama.

"Ku ga yadda ya zauna mata! Amma 'yata, kore? Yau ai ranar ja ce."

Mama ta yi caraf ta ce, "Shayi ne ya zube a kan jar, suruka. Yaran yanzu, sai haƙuri."

Weilin yana ɗaya gefen teburin, daidai saitina, cikin kwat ruwan toka, an yi masa sabon aski. Ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba. Ya yi min murmushi, amma idonsa bai tsaya a nawa ba.

Aka kawo ƙaguwa, aka kawo jatan lande, aka kawo babban kifi aka juya kansa ya kalli Darakta don girmama baƙo. Aka zuba giyar dawa a ƙananan kofuna. Inna Sui tana ta loda min abinci tana cewa na rame. Wayata tana kan cinyata ƙarƙashin mayafin teburi. Ana cikin yabon kifi ta girgiza.

Ruolan ce. Hoton zanen injin, da wani dogon tsini a tsakiya, sai rubutu: "Yana nan. Ba kaɗan ba. Yi haƙuri 'yar'uwa. In kina so in zo in ɗauke ki, mota na hannuna."

Ban yi kuka ba. Na tura wa Weilin hoton kai tsaye, na ɗaga kai ina kallon sa. Ya ji girgizar a aljihu, ya zaro wayar a ƙasan teburi. Na jira in ga ya firgita, in ga jini ya bar fuskarsa. Bai firgita ba. Ya dai lumshe ido, sannan yatsunsa suka fara motsi.

"Na sani. Don girman iyayenmu kada ki ce komai yau."

Na rubuta: "Tun yaushe?"

"Na ga takardar ƙirar a ofis. Injiniyan ne ya canja ragar, wai don ta fi kyau, bai san illar ba. Za mu gyara tare, Ningning. Baba ya riga ya yi wa mutane alkawari."

"Na ce tun yaushe?"

Ya daɗe. Inna Sui tana tambayata ko ina son miya, na ce mata eh ban san me na amsa ba. Sai saƙon ya shigo.

"Kafin in ba ki zoben."

Ku da kuka taɓa son mutum, ku gaya min yadda ake haɗiye wannan. A bakin tekun nan, yana riƙe da hannuna yana min barkwancin filatinam, ashe ya sani. Ya bar ni ina shiga ɗakin gwaji kowace safiya ina rawar kai, ina rubuta ƙarya da hannuna ban sani ba. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba.

Daidai nan Baffa Geng ya miƙe da kofi. Kowa ya yi tsit.

"Darakta Mu, surukaina, yau farin ciki biyu gare ni. Na farko, ɗana ya samu mata. Na biyu, matar nan ta zo mana da abin da manyan ƙasashe ke nema ido rufe. Hodar da ke raba ruwa ba ko ɗigon farin zinare! Gidan Geng ne zai fara ƙera ta. 'Yata Huining, tashi ki ce wani abu, kada kunya ta hana ki."

Mama ta danne ƙafata da tata a ƙarƙashin teburi. Na zare ƙafar na miƙe. Na riƙe kofina da hannu biyu, na saukar da shi ƙasa da na Baffa yadda ya kamata yaro ya yi wa babba, don ban zo rashin kunya ba.

"Baffa, na gode da karamcinku. Amma ku gafarce ni, kada a sha wannan kofin. Hodata ba ta yi abin da aka ce ta yi ba."

Darakta ya ajiye tsinkensa.

"Tukunyar da aka ba ni kyauta akwai farin zinare a ragarta. Ya narke ya hau kan hodar, shi ya yi aikin. Yanzun nan sakamakon ya iso min. In kuka buɗe sashe a kan wannan, injinan za su fito ba za su yi abin da kuka faɗa wa mutane ba."

Inna Sui ta yi 'yar dariya. "Kai, 'yan boko da tsoro! Ɗan ƙura ne ya shiga, ko? Zauna 'yata, kifi zai huce."

"Ba ƙura ba ce, Inna."

Fuskar Baffa Geng ta yi ja har wuya. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, wanda ya fi ihunsa ban tsoro. "Yarinya, wannan maganar ɗakin gwaji ce. Kin rasa inda za ki yi ta sai a gaban baƙona?"

"Da kun sanar a ɗakin gwaji, da can zan yi ta, Baffa."

"Ke ce masaniya! Ke ya kamata ki duba abin da aka ba ki!"

"Gaskiyarku. Ya kamata in duba, ban duba ba, kuma zan faɗa wa shugabata haka da bakina."

Mama ta fara, "Suruki, yarinya ce, ba ta yi barci ba ne..." Bai ko kalle ta ba. Ya juya kan ɗansa.

"Weilin. Ka san da wannan?"

Ban tona shi ba. Saƙonsa yana hannuna, da na ɗaga wayar an gama, amma na ce bari in ga wane ne zan aura. Na tsaya ina kallon sa, zuciyata na roƙon sa ya buɗe baki. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙashin kifi a farantinsa.

Shi ke nan. Na ajiye kofin, na murza zoben ya fita, na ɗora shi a kan faifan gilashi tsakanin kwanon miya da farantin ƙaguwa. Na sa yatsa na tura.

A al'adarmu ba a juya faifai babba yana tsaye da kofi. Na juya. Zoben ya taho gaban Mama, ta kai hannu za ta tare, sai Baba, mutumin da tun safe bai ce komai ba sai maganar riga, ya kama wuyan hannunta ya mayar kan cinyarta. Da ɗaya hannun ya ƙara wa faifan turi. Zoben ya wuce Darakta, ya wuce Baffa Geng, ya wuce Inna Sui da bakinta a buɗe, ya isa gaban Weilin.

Na ce, "Farin zinarenku biyu ne a wurina. Ɗaya ya riga ya narke, ba yadda zan yi in mayar. Ga wanda zan iya."

Ya dafa faifan ya tsaya. Ya ɗauki zoben ya damƙe, ya miƙe, kujerarsa ta faɗi ta baya.

"Baba, na sani. Tun watan jiya na sani, na ɓoye muku, na ɓoye mata. Ba laifinta ba ne."

Inna Sui ta ce, "Wayyo, wannan yaro!" Baffa Geng ya dire kofinsa har giyar ta fantsama a hannun Darakta. Ni kuwa na ɗauki jakata. Ya faɗa, eh, na ji, kuma wani abu ya motsa a ƙirjina. Amma sai da zobe ya zagaya teburi kafin ya faɗa. Na rusuna wa manya na ce a ci lafiya, na fita. Baba ya biyo ni da rigar sanyina a hannu, Mama tana bayansa tana kuka tana kare gashinta daga iskar teku.

Muna cikin mota, mun kusa gida. Mama ta share hanci ta ce, "Ko ƙaguwar ba mu ci ba." Baba ya ce akwai taliya a gida. Har yau ba ta kula ni sosai, ta fice daga zauren hirar dangi, amma jiya na tarar ta ajiye min dafaffen ƙwai a jakar aiki.

Litinin da sassafe na shiga ofishin Farfesa Cong na ajiye mata ragar da hoton Ruolan, na ce a janye rubutun. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Kin san da ya fita, wani a wata ƙasa ne zai gano, kuma da ba ki sake ɗaga kai a wannan aikin ba?"

"Na sani, Farfesa."

"To me kike jira? Hodar gaskiyar nawa take bayarwa?"

Wannan ita ce maganar da ban gaya wa kowa a teburin ba. A tsohuwar kwalbata, da sandar gawayi, hodar ba ta kai rabin waccan ƙaryar ba. Amma ta fi ta bara. Ta fi ta nesa ba kusa ba, kuma wannan ƙarin nawa ne, ba na gidan kowa ba. Na koma kan teburina na naɗe hannun riga, na yanko sabon salatif. Ko zan yi furfura a kan kwalbar nan, sai hodar nan ta raba ruwa da ƙarfinta.

Weilin ya yi ta turo saƙo tun Asabar, ban buɗe ba. Yau da safe ina auna hoda sai wayar ɗakin ta yi ƙara, mai gadi ne.

"Malama Luan, akwai wani a bakin ƙofa. Ya ce ba zai tafi ba sai kin sauko. Yana rungume da wasu baƙaƙen sanduna, an ɗaure su da jan zare kamar fure."

Na leƙa ta taga. Shi ne, ba kwat, gashi a hargitse, iska tana kaɗa masa riga. Wayata ta girgiza, wannan karon na buɗe.

"Gawayi ne. Da kaina na saya, ban aiki kowa ba. Baba ya ce kada in sake taka masana'anta. Ningning, hodar gaskiyar tana jure dogon aiki?"

Tambayar da ya fara yi min ke nan a duniya, kuma ya san abin da take yi min. Na share idona da damtsena, don safar da ke hannuna akwai sinadari.

Na ce wa mai gadi, "Karɓo sandunan ka kawo min, ina buƙatarsu."

"Shi kuma fa?"

"Bar shi a nan."

Da aka kawo, na zare ɗaya daga tsakiyar ƙunshin, ba ta gefe ba. Na sa wuƙa na kankare ta har ciki, na ƙulle garin a takarda na sauka wurin Ruolan. Ta dubi ƙullin ta kwashe da dariya.

"Ke muguwa ce! Gawayin ma?"

"Ya ce gawayi ne. Wancan karon ma ya ce nikel ne."

"Akwai layi fa."

"Ba na sauri."

Ga ni nan na dawo sama ina rubuta muku wannan, kumfa tana tashi a kwalbata a hankali. Ruolan ba ta turo komai ba tukuna. Na sake leƙawa yanzu, an fara yayyafi, mai gadi ya miƙa masa lema, yana nan tsaye inda na bar shi.